Zaren Gilashi da Hasken Leza a Aikin Fasa Tsakuwar Ƙoda

Tsakuwar fitsari ciwo ne wanda ya daɗe yana wahal da ɗan Adam. A shekarar 1901 wani masani mai suna Elliot Smith ya tarar da tsakuwar mafitsara a tsakanin ƙasusuwan wani yaro a wata tsohuwar maƙabarta ta ƙasar Masar, wadda aka ƙiyasta ta haura shekara 6,000. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake tsaga jiki a ciro tsakuwa daga mafitsara, har ma ya ƙera wani siririn tsinke na ƙarfe domin huda wadda ta maƙale a hanyar fitsari. Amma dai har bayan 1970, mutumin da tsakuwa ta girma a ƙodarsa ba shi da makawa sai wuƙa: a tsaga kwiɓi, a buɗe ƙoda, a ciro, sa'an nan ya yi kwanaki da yawa a gadon asibiti. A 1976 likitoci biyu a ƙasar Suwidin suka nuna ana iya ciro ta ta wata 'yar huda a baya. A 1980 aka fara farfasa ta daga wajen jiki da bugun amo mai ƙarfi a birnin Munik na Jamus. A yau kuwa, tsakuwar da ba ta wuce santimita 2 ba, sau da yawa ta hanyar da fitsari yake fitowa ake bi a iske ta inda take, a narka ta da haske, mai ciwon ya koma gida a ranar ko kashegari ba tare da tabo ba.

Injin da yake ba da wannan haske shi ne abin da ido yake fara gani a ɗakin tiyata, shi ne kuma ake ambata idan ana maganar kuɗi. To amma injin ba ya shiga jikin kowa. Abin da yake ɗaukar hasken daga injin ya kai shi kan tsakuwa wani zare ne na gilashi, tsawonsa kamar mita 3, kaurinsa bai fi na gashin kai huɗu ko biyar a haɗe ba. Shi ne mafi araha a cikin kayan aikin, shi ne mafi rauni, kuma galibin abin da yakan ɓaci a lokacin aikin daga gare shi yake farawa. Wannan zare shi ne batun wannan lacca.

Kafin a zo gare shi, ya kamata a san hanyar da zai bi. Daga kowace ƙoda akwai bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 wanda yake sauko da fitsari zuwa mafitsara, faɗin cikinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 ne kurum. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba takan faɗo da kanta, ko da yake da azaba. Wadda ta fi haka takan tsaya. Likita yana bin wannan bututu da wata doguwar na'ura siririya mai ido da fitila a bakinta, wadda hoton abin da ta gani yake fitowa a fuskar talabijin. Hausa ba ta riga ta raɗa mata suna ba, don haka a nan za a kira ta maleƙi, a kan ƙirar mabuɗi da magirbi, tun da leƙe ne aikinta. Akwai maleƙi sandararre, akwai kuma mai lanƙwasuwa, wanda bakinsa yake iya karyowa har digiri 270 domin ya shiga lungunan ƙoda. A cikin mai lanƙwasuwar akwai kafa guda ɗaya tak, faɗinta milimita 1.2. Ta wannan kafa zaren gilashi yake wucewa, ta cikinta kuma ake tura ruwan gishiri mai wanke gaban maleƙin domin likita ya ga abin da yake yi. Zare da ruwa suna rabon ɗaki ɗaya ke nan, kuma wannan rabo zai sake tasowa a gaba.

Kalmar leza ba ta da wata dangantaka da reza ta aski. Haruffan farko ne na wasu kalmomin Turanci biyar aka harhaɗa. Theodore Maiman ne ya fara kunna irin wannan haske a Kalifoniya ta Amurka a 1960, kuma a 1968 an gwada shi a kan tsakuwar fitsari, aka ga zafinsa zai cuci nama, aka ajiye. Wanda ya zauna da gindinsa a asibitoci shi ne lezan holmiyam, wanda rahotannin farko na fasa tsakuwa da shi suka fito wajen 1995. Holmiyam wani ƙarfe ne da ba a cika samu ba, sunansa kuwa daga tsohon sunan Latin na birnin Istokholm aka ɗauko shi. Masu sauraron rediyo sun saba da jin mita 19 ko mita 25 a gajeren zango. Haske ma yana da zangonsa, sai dai da nanomita ake auna shi, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon mutum yana ganin abin da yake tsakanin nanomita 400 da 700. Zangon holmiyam kuwa wajen 2,100 ne, saboda haka ido ba ya ganinsa ko kaɗan. Shi ya sa ake haɗa shi da wani ɗan haske ja ko kore marar ƙarfi, wanda aikinsa nuna saiti kawai.

Darajar wannan zango ita ce ruwa yana shanye shi nan take. A cikin nama bai cika ratsa fiye da milimita 0.4 ba. Idan bakin zare yana taɓa tsakuwa, hasken yana dafa ta, ruwan da yake cikin ramukanta ya zama tururi, ta ruguje. Idan bakin ya ja baya da 'yan milimitoci, ruwan da yake tsakani ya sha hasken, bangon ƙoda ya tsira. Ba ya kuma zaɓen tsakuwa: yana cin mai taurin nan ta kalsiyam, wadda ita ce mafi yawa, yana cin ta sinadarin yurik, yana cin ta sistin wadda ta gagari lezan da aka yi amfani da shi kafinsa.

Shi zaren hawa uku ne. A tsakiya akwai ɓargo na tataccen gilashi, wanda ta cikinsa haske yake tafiya. Kewaye da ɓargon akwai bango, shi ma na gilashi, amma an gauraya shi da sinadarin fulorin domin ya bambanta da ɓargon wajen karya haske. Sa'an nan a waje akwai riga ta roba, sau da yawa shuɗiya, mai kare gilashin daga ƙarzuwa. Yadda haske yake zama cikin ɓargo bai fita ba, ana iya kwatanta shi da wasan da yara suke yi a bakin tafki. Idan aka jefa faffaɗan dutse a kwance, yana shafar ruwa, sai ya yi ta tsalle a kan ruwan. Idan aka jefa shi daga sama a tsaye, nutsewa zai yi. Haka nan haske: muddin ya iske bango a karkace yana shafarsa, bangon zai mayar da shi ciki gaba ɗaya, ya yi ta kai da komowa har ya fita ta baki. Idan ya iske bangon a tsaye ƙwarai, sai ya huda ya fice. Duk amincin zaren a kan wannan sharaɗi guda yake. Wani abin lura kuma shi ne, ruwan nan da yake kare naman majiyyaci shi ne abokin gaba a cikin gilashin. Gilashin da ya saura da ɓurɓushin ruwa a jikinsa zai sha hasken holmiyam tun kafin ya isa baki, ya yi zafi. Dole ne a ƙera ɓargon da gilashin da aka tsame wa ruwa, kuma wannan na cikin abubuwan da suke bambanta zare mai kyau da na banza, ko da yake ido ba ya iya rarrabe su.

Ana auna ɓargo da maikiron, watau kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Waɗanda aka saba gani su ne 200, da 272, da 365, da 550, da 1,000. Manyan biyun na mafitsara ne da aikin huda ta baya, inda hanya take a miƙe. Na 365 ya dace da sandararren maleƙi. A cikin mai lanƙwasuwa kuwa, ƙanana ake nema, domin zare mai kauri yana sandarar da bakin maleƙi ya rage masa lanƙwasa, yana kuma toshe wa ruwa hanya. Mutum zai zaci zare mai kauri ya fi fasa tsakuwa, amma ba lalle ba ne. Ƙarfin bugu daga injin yake zuwa, kuma babban zare ya fi tunkuɗa tsakuwa ta gudu gaba, likita ya yi ta bin ta. Sai dai akwai wata matsala ta suna. Masu bincike da suka auna zaruruwan kamfanoni dabam-dabam sun sha tarar da cewa abin da aka rubuta wa 200 a jikin kwali, ɓargonsa ya fi haka, wani ma ya kusa 270, balle a haɗa da bango da riga. Lambar kwali suna ce, ba awo ba ce.

Zare yana mutuwa a wuri uku. Na farko gindinsa, inda ake ɗaura shi a jikin inji. A nan wani madubi yake tattara hasken ya cusa shi cikin ɓargo. Hasken holmiyam ba ya tattaruwa ya yi tsini sosai, don haka idan ɓargon ƙarami ne, ko gindin ya ɗan goce, ko akwai ƙura ko laima a fuskarsa, wani kashi na hasken yakan faɗa kan ƙarfen da yake riƙe da zaren. Ƙarfen ya ƙone, tartsatsinsa ya koma cikin inji. Saboda haka ne ake sa wani ɗan gilashin kariya tsakanin zare da madubin inji, wanda in ya ƙone sai a sake shi. Asibitin da ba ya ajiye irin wannan ɗan gilashi a sito yana iya tsai da aiki, majiyyaci yana kwance cikin maganin barci, saboda abin da bai kai girman kwabo ba.

Wuri na biyu shi ne gwiwa, kuma shi ne mafi hatsari. Ƙoda tana da lunguna na sama da na tsakiya da na ƙasa, kuma tsakuwa tana son lungun ƙasa, inda abu mai nauyi yake kwantawa. Kafin maleƙi ya shiga can sai ya yi kwana kamar ƙugiya, zaren da yake cikinsa ma ya bi shi. A daidai wannan gwiwa abu biyu suke haɗuwa. Gilashin yana cikin matsi, gefensa na waje yana miƙewa kamar zai tsage. Sa'an nan hasken da ya taho yana shafar bango a karkace, yanzu ya iske bangon ya juyo ya tare shi, watau dutsen yaran nan ya daina tsalle ya fara nutsewa. Hasken da ya zurare yana shiga riga, roba ta yi zafi, gilashin da yake cikin matsi ya karye. Gwaje-gwaje sun nuna zaren da yake jure lanƙwasa sa'ad da injin yake kashe yana iya karyewa a lanƙwasa iri ɗaya da zarar an taka feda, musamman idan faɗin gwiwar ya yi ƙasa da kamar santimita 1 kuma bugun mai ƙarfi ne. Abin da ya sa wannan ya fi muni shi ne karyewar a cikin maleƙi take faruwa, inda likita ba ya gani. Ƙafarsa tana kan feda, haske yana fita ta wurin karayar, yana huda kafar maleƙin daga ciki. Ruwa ya shiga inda idon na'urar yake, hoto ya dushe, na'urar da kuɗinta ya ninka na zare sau da yawan gaske ta tafi gyara. Lalacewar kafa ta dalilin leza tana cikin manyan abubuwan da suke tura irin wannan maleƙi wurin masu gyara, masu gyaran kuwa galibi a Turai ko Amurka suke. Wani lokaci kuma guntun gilashin yakan faɗa cikin ƙoda, sai an bi shi an kamo.

Dabarar da likitoci suka samo mai sauƙi ce. Maimakon a kai wuta lungun ƙasa, sai a sa ɗan kwando na waya mai laushi a ɗauko tsakuwar a ajiye ta a lungun sama, inda maleƙi zai tsaya kusan a miƙe, sa'an nan a fasa ta a can. Haka kuma ba a tura zare cikin maleƙi yana lanƙwashe, domin bakin gilashi yana da kaifi, yana karce kafar. An ƙera zare mai dunƙulallen baki kamar kan ashana don maganin wannan, kuma yana wucewa lafiya, amma dunƙulen yakan cinye jim kaɗan bayan an fara harbi, don haka kariyarsa ta shigar farko ce kurum.

Wuri na uku shi ne baki. Bakin zare yana ci da kansa a kan tsakuwa, yana komawa baya sannu a hankali, musamman a kan mai tauri da bugu mai ƙarfi. Idan likita bai lura ba, bakin da ya fito da shi zai janye har ya kusa komawa cikin maleƙi. Kowane bugu kuwa yana haifar da kumfar tururi a gaban zaren, wadda masu binciken suka raɗa wa sunan Annabi Musa, saboda tana raba ruwa ta buɗe wa haske hanya. Idan kumfar nan ta fashe dab da idon maleƙi, tana lalata shi. Likitocin asibitin Tenon na birnin Faris sun ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: a fito da zare har ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fuskar talabijin, wanda ya yi daidai da kamar milimita 3. A da, ka'ida ce a feƙe rigar bakin zare a yanke gilashin da almakashi na musamman. A 2015 Peter Kronenberg da Olivier Traxer suka buga wani bincike da ya nuna barin rigar a kan baki ya fi ba da sakamako, kuma almakashin ƙarfe na yau da kullum ya isa. Ga al'adar da aka bi shekara da shekaru, ashe ba wanda ya taɓa tsayawa ya gwada ta sosai.

Ko da zare bai karye ba, akwai batun zafi, kuma lissafinsa ɗalibin sakandare ma zai iya yi. Ana auna ƙarfin bugu ɗaya da jul. Idan likita yana son ɓarza tsakuwa ta zama gutsattsari ya kwashe da kwando, yakan sa kamar jul 1, bugu 5 zuwa 10 a daƙiƙa. Idan yana son niƙa ta ta zama gari ta bi fitsari, yakan sa jul 0.2 zuwa 0.5 da bugu mai yawa. Jul sau yawan bugu shi ne wat: jul 1 sau 10 a daƙiƙa wat 10 ke nan, haka ma jul 0.5 sau 80 wat 40 ne, ko da yake kowane bugu ƙarami ne. Duk wannan ƙarfi a ƙarshe zafi yake zama cikin ruwa. Jul 4.2 yana ɗaga zafin mililita 1 na ruwa da digiri 1, kwarin ƙoda kuwa bai fi ɗaukar mililita 5 zuwa 10 ba. Wat 40 a cikin mililita 10 na ruwan da ba ya gudu zai ƙara kusan digiri 1 a kowace daƙiƙa. Nama da jini suna janye wani kashi, gaskiya ne, amma tazarar da take tsakanin digiri 37 na jiki da digiri 43 inda nama yake fara cutuwa ba ta da yawa. A digiri 43 sai an yi kamar minti 120 kafin ɓarna ta tabbata, amma kowane ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da rabi, har a digiri 50 ya koma kamar minti 1. Ƙunar bututun ƙoda tana warkewa da tabo, tabon ya tsuke hanya, ƙoda ta kumbura bayan watanni, mai ita yana zaton ya warke. Shi ya sa likitoci da yawa ba sa wuce kamar wat 10 a cikin bututun, suna kuma ɗaga ƙafa daga feda a kai a kai. Abin da yake sanyaya wurin shi ne ruwan da yake gudu ta kafa. Ba kuma za a ce a ƙara tura shi da ƙarfi ba, domin matsi mai yawa a cikin ƙoda yana mayar da fitsari da ƙwayoyin cuta cikin jini. A nan ne siririn zare yake nuna darajarsa ta biyu, tun da yana bar wa ruwa wuri ya wuce ba tare da an matsa ba.

Batun ido bai kai yadda ake tsoro ba. Wani nazari na rahotannin hatsari da aka kai wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka daga 1992 zuwa 2012 bai sami raunin ido ko ɗaya daga holmiyam ba, kuma gwaji a kan idon alade ya nuna sai bakin zare ya matso cikin santimita 5 kafin ya yi lahani. Duk da haka zaren da ya karye a waje yana ƙona hannu ko zanen tiyata, don haka injin yana zama a kulle duk lokacin da ba a ganin bakin zare a talabijin.

Tun daga wajen 2018 wani sabon leza ya shigo, na tuliyam, wanda aka fara aiki da shi a Rasha kafin ya bazu. Zangonsa nanomita 1,940 ne, ruwa kuma yana shan sa kamar sau huɗu fiye da holmiyam. A cikin wani zare ake haifar da haskensa tun asali, don haka yana fitowa a tattare, yana shiga ɓargo na maikiron 150 ba tare da ƙona gindi ba. Garin da yake niƙawa ya fi laushi, ba ya kuma tunkuɗa tsakuwa sosai. Babban injin holmiyam yana bukatar layin lantarki na musamman da ruwan sanyaya, na tuliyam kuwa soket na bango da fanka sun ishe shi, abin da yake da muhimmanci ga asibitin da janareta yake riƙe da shi. Amma wat 20 na tuliyam da wat 20 na holmiyam zafi ɗaya suke zubawa a ruwa, kuma sauƙin ɗaga yawan bugunsa zuwa ɗaruruwa a daƙiƙa yana sa a wuce iyaka ba a ankara ba.

Saura maganar saye, wadda ta shafi ma'aikatan ofis fiye da likitoci. Zare iri biyu ne a kasuwa: na amfani sau ɗaya a yar, da wanda ake wankewa a turara a sake amfani da shi, ana datse bakinsa bayan kowane aiki. A ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sha, inda tsakuwa take da yawa kuɗi kuma suke da wuya, na biyun ne yake jan hankali, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauki na sau ɗaya a yi ta maimaita shi, ko a naɗe na maimaitawa a matse kamar igiyar guga, ko a rasa wanda yake rubuta sau nawa aka yi aiki da shi. Ƙananan tsagu da ido ba ya gani suna taruwa, su jira ranar da za a shiga lungun ƙasa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Wanda zai sa hannu a takardar kwangilar inji kuma ya kamata ya tambaya tun farko ko injin yana karɓar zaren kowane kamfani, domin wasu suna dasa 'yar alama a gindin zare wadda in babu ita injin ba zai tashi ba, wata ma tana ƙirga amfani ta rufe zaren in ya cika adadinsa. Injin da aka samu da rangwame yana iya ɗaure asibiti ga mai sayarwa guda na tsawon shekaru.

Gwajin da yake kama yawancin zare mai aibi ba ya cin ko minti biyu. Kafin a shigar da shi jikin majiyyaci, nas takan duba fuskar gindinsa da ɗan madubi mai ƙara girma ta tabbata ba ƙura ba baƙi, ta ɗaura shi a inji, a rage fitilar ɗaki, a kunna hasken saiti kaɗai. Sai ta bi zaren da ido daga gindi har baki. Inda duk ja ko kore ya ɓullo ta jikin riga, akwai tsagu a wurin, a ajiye shi a ɗauko wani. Daga nan ta haska bakin a kan farin ƙyalle. Idan da'ira ce sosai mai kaifin gefe, an yanke bakin daidai. Idan hasken ya watse ko ya yi wutsiya, a sake datsewa a sake haskawa.